Daga tebur zuwa takarda: me ya sa zaman wasanmu ya zama lami da na rubuta shi?

"Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke buga Dungeons & Dragons duk ƙarshen mako, ni ne jagoran wasan, kuma mun kusa shekara a kan tafiya ɗaya. Zamanmu na baya-bayan nan ya yi armashi, har ɗaya daga cikinmu ya miƙe tsaye yana ihu lokacin da dayis ya faɗi. Na zauna na rubuta shi a matsayin labari, shafi tara, ban bar komai ba. Na ba ƙanwata da ba ta wasan, ta karanta shafi biyu ta ajiye, ta ce ita ba ta ga abin da ke ciki ba. Ni ma da na sake karantawa sai na ji shi lami. Ina daɗin ya tafi? Kuma zan iya canza abin da ya faru don labarin ya yi kyau, ko hakan cin amanar 'yan wasana ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya a numfashi ɗaya. Na farko, me ya sa abin da ya tayar da mutum tsaye a tebur ya kwanta a takarda kamar ba shi ba. Na biyu, ina iyakar hannun marubuci a kan abin da mutum biyar suka gina tare. Na daɗe ina jagorantar irin wannan wasa, na kuma daɗe ina rubuta zaman da muke yi, don haka shafi taran nan naka na san su tun ban gan su ba. Rabin amsar ma tana cikin wasiƙarka, inda ka ce ba ka bar komai ba.

Saboda masu karatun da ba su san wasan ba, bari in ɗan yi shimfiɗa. Mutane ne ke zama kewaye da tebur. Ɗaya ya zama jagora, shi ke bayyana duniyar da ake ciki, shi ke magana da bakin duk wanda aka ci karo da shi a hanya. Sauran kowa na riƙe da jarumi ɗaya, yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin na da haɗari, sai a jefa dayis, irin na lido amma mai fuskoki da yawa, lambar da ta fito ta raba gardama. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ne uban wannan sana'a, kuma a bugunsa na yanzu dayis mai fuska 20 ne ke yanke yawancin hukunci. Kafin a zauna babu wanda ya san yadda za a ƙare, har shi jagoran.

Inda daɗin ya zurare

Wannan rashin sanin shi ne gishirin wasan. Abokinka bai miƙe yana ihu don lamba 20 ta fi 19 kyau ba. Ya miƙe ne don ya yi shekara yana ɗawainiya da jarumin nan, ya san inda ya samo takobinsa da wanda yake bi bashin jini, kuma a cikin daƙiƙa biyun da dayis ke birgima duk wannan yana iya salwanta, ba mai iya hanawa. Ƙanwarka ba ta zuba ko kwana ɗaya a kan jarumin ba. Sannan ta san cewa takarda ce a hannunta, kuma duk abin da ke takarda wani ne ya zaɓi ya rubuta shi. Sa'ar da ta girgiza ku, ita a wurinta ko dai marubuci ne ya ceci jaruminsa da son kai, ko kuwa abu ne ya faru babu gaira babu dalili.

Akwai kuma batun lokaci, wanda na ga ya fi komai kayar da masu fara wannan rubutu. A ƙa'idar wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a duniyar labarin. Faɗa mai zagaye biyar rabin minti ke nan, amma a tebur zai iya cinye awa guda cur, domin kowa sai ya yi lissafi, ya jefa, ya ƙirga, a duba littafi. A ɗaya gefen, tafiyar kwana uku jagora kan sallame ta da jimla ɗaya, kuma maganar da ta sauya alaƙar jarumai biyu har abada wataƙila minti biyu ta ɗauka, ana tattara kaya za a tashi. Idan ka raba shafukanka gwargwadon yadda awannin tebur suka rabu, za ka ba rabin minti shafi shida, ka ba abin da ya fi muhimmanci layi uku. Ina kyautata zaton haka shafi taranka suka rabu.

Ƙari a kan haka, zama yana ƙarewa ne lokacin da dare ya yi kowa zai tafi gida, ko labari ya kai gaɓa ko bai kai ba. Kuma a tebur jarumai huɗu ne, kowane ɗan wasa yana ganin nasa ne tauraro, kuma dukansu sun yi gaskiya. Takarda ba ta ɗaukar taurari huɗu a fitowa ɗaya ba tare da mai karatu ya rasa wanda zai bi ba.

Wa kake rubuta wa?

Kafin ka gyara ko jimla ɗaya, ka tsayar da wannan. Idan 'yan teburinka kake rubuta wa, don wanda bai zo ba ya san inda aka kwana, to rahoton zama kake bukata: wa aka haɗu da shi, me aka samu, me aka yi alkawari. Rabin shafi ya isa, kuma ba a neman adabi a cikinsa. Shafi taranka ma, in ka ba abokan wasanka, za su karanta da murmushi, domin rubutun yana tuna musu da abin da suka riga suka ɗanɗana. Wannan aiki ne mai amfani, kada ka raina shi.

Akwai hanya ta biyu wadda Japanawa suka ƙware a kai, wato a rubuta teburin kansa. Ana jera maganar 'yan wasa kamar rubutun wasan kwaikwayo, da gardamarsu da barkwancinsu da lambobin da suka fito, mai karatu ya ji kamar an ja masa kujera ya zauna a cikinsu. Daga 1986 mujallar Comptiq ta riƙa buga irin wannan rubutu na zaman Dungeons & Dragons da wata ƙungiya mai suna Group SNE ke yi, da Ryo Mizuno a matsayin jagora. Shi ne asalin Record of Lodoss War. Abin lura a nan shi ne, a 1988 Mizuno ya fara fitar da labarin a matsayin littafin ƙagaggen labari, kuma sai da ya sake rubuta shi. Mutum ɗaya, jarumai ɗaya, duniya ɗaya, amma rubutu iri biyu, domin masu karatun iri biyu ne. A na farko dayis yana bayyane, kuma daɗin yana cikin kallon mutane na wasa. A na biyu teburin ya ɓace gaba ɗaya.

Hanya ta uku ita ce wadda kake nema, labarin da baƙo zai karanta ya tsaya da ƙafarsa. Matsalar shafi taranka, a ganina, ita ce sun tsaya a tsakiya: ka cire dariyar tebur da lambobi, waɗanda su ne rayuwar hanya ta biyu, amma ka bar zubi da tsarin wasan yadda yake, bugu bayan bugu, ɗaki bayan ɗaki. Ko manyan marubuta sun gamu da wannan. Margaret Weis da Tracy Hickman sun fitar da littafin farko na Dragonlance, jerin ƙagaggun labaran da suka tsiro daga Dungeons & Dragons, a 1984 suna bin sawun littattafan wasan da aka riga aka tsara, suka ga hakan ya ɗaure musu hannu, labarin na tafiya gutsure-gutsure. A littattafan da suka biyo baya sai suka juya abin, labari ya shiga gaba, littattafan wasan suka biyo shi.

Dayis ya koma dalili

A nan gizo ke saƙar. A tebur, abu yana faruwa ne saboda lamba. A labari dole abu ya faru saboda wani abu da mai karatu zai iya gani: halin mutum, ko kuskuren da ya yi jiya, ko abin da ya ɓoye. Aikinka shi ne duk inda dayis ya yanke hukunci mai nauyi, ka nemo masa dalili a cikin duniyar labarin. Sau da yawa ba sai ka ƙirƙira ba, dalilin na kwance a zaman baya yana jiran ka.

Bari in nuna maka da wani zama namu, inda Kurciya da Dogo da Hazo jaruman 'yan wasana ne. Ga abin da na rubuta a littafina a daren: "Kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kurciya ta jefa 2 wajen buɗe kwaɗo, ta kasa. Masu gadi huɗu. Faɗa zagaye biyar. Dogo ya faɗi. Yaron da aka zo ceto shi ma ya ji rauni. Kwalbar magani ɗaya ta rage a hannun Hazo, ta ba yaron. Dogo ya jefa 20, ya tashi."

Wanda ya san wasan ya san nauyin layin ƙarshen. Jarumin da makin ransa, wato lambar da ke nuna sauran ƙarfinsa, ya ƙare yana jefa dayis kowane zagaye, in jifar ta gaza sau uku ya mutu, in kuwa 20 ta fito sai ya farfaɗo da maki ɗaya. Jifar Dogo ta riga ta gaza sau biyu. Da 20 ta fito, teburin ya kaure kamar naku.

Rubutun farko da na yi haka ya tafi: Kurciya ta yi ƙoƙarin buɗe kwaɗon amma ta kasa, sai masu gadi suka zo, Dogo ya kai wa na farko sara ya same shi, na biyu ya kai wa Dogo suka bai same shi ba, haka har shafi uku. A ƙarshe Dogo ya tashi, kuma a takarda tashin nasa ya zama kamar na tausaya masa ne kawai. Sai na koma littafina na duba baya. Zama biyu kafin wannan, Kurciya ta sa hannu a wuta ta ciro wata taswira, ta ƙone, kuma da aka tambaye ta sai mai riƙe da ita ta ce, "Ba komai, ya warke." Ga dalilin lamba 2 ɗin nan a ajiye. Sai fitowar ta koma haka:

"Ƙarfen ya sulɓe daga yatsun Kurciya karo na biyu. Ƙunar da ta samu a hasumiya ba ta warke ba, ita kaɗai ta san haka, domin ta gaya wa kowa ta warke. Ƙarar faɗuwarsa a kan dutse ba ta kai ta allura ba, amma takun da ke saman bene ya tsaya cak."

Yanzu kasawar tata ce, ta fito daga girman kanta, kuma duk jinin da zai zuba a ɗakin nan mai karatu ya san a wuyan wa yake. Faɗan da ya ci mana awa guda na ba shi jimla biyu. Sannan na tsaya inda ya kamata in tsaya tun farko:

"Faɗan bai kai minti guda ba. Da ya lafa, masu gadi uku na kwance, na huɗu ya tsere, Dogo na jingine da bango ya tare cikinsa da hannu biyu. Hazo ta laluba jaka. Kwalba ɗaya. Ta dubi mutumin da ya goya ta ya haye kogi da ita a hunturun bara, ta dubi yaron da ko sunansa ba ta sani ba. Dogo na kallonta lokacin da ta tsallake ƙafafunsa."

Ka ga inda nauyin ya koma. A tebur ƙololuwar daren ita ce lamba 20. A takarda ƙololuwar ita ce shawarar Hazo, domin ita ce kaɗai abin da wani ya zaɓa da kansa, yana sane da abin da zai rasa. Tashin Dogo kuma ya daina zama kyauta daga sama, ya zama matsala: ga mutumin da aka tsallake ya rayu, kuma ya gani. Shi ya sa idan na zo rubuta zama, ba na fara tambayar me ya faru. Nakan tambayi kaina wa ya yanke shawara a daren nan, me ya ba da a madadinta. A zaman awa huɗu da wuya in samu irin wannan wuri fiye da biyu ko uku, kuma su ne fitowata. Sauran duk gada ce da ake hayewa da jimla ɗaya ko biyu.

Da idon wa za a gani

Ka zaɓi jarumi ɗaya a kowace fitowa, wanda ya fi kowa abin asara a cikinta, ka tsaya a bayan idonsa. Abin da bai gani ba kada mai karatu ya gani. A babi na gaba kana iya komawa ga wani, ta haka kowa zai samu rabonsa a tsawon tafiya ko da bai samu a kowane shafi ba. Wasu kan sa jarumi ɗaya ya riƙa ba da labarin da bakinsa, kamar mai rubuta kundin tafiya. Wannan na da daɗi ƙwarai, domin son zuciyarsa da abin da ya kasa fahimta su ma sun zama labari, kuma duk wanda ya ga ba a yi masa adalci ba zai iya cewa ai wane ne ke magana.

Kai da kake jagora akwai tarko na musamman a gabanka. Ka san tarihin kowace masarauta, ka san abin da mugun ke ƙullawa a ɓoye, kuma akwai abubuwan da ka sha wahalar shiryawa 'yan wasa suka wuce ko kallo ba su yi ba. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ka zuba su a rubutu. Ka danne. Banda cewa suna kashe gudun labari, 'yan wasanka za su karanta, kuma ka tona wa kanka asirin abin da ba su gano ba tukuna.

Abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa

Ga tambayarka ta biyu. Canji kansa ba cin amana ba ne, domin rubutu ba ya yiwuwa sai da shi. Ni dai ga inda na ja layi. Duk abin da ya fito daga hannuna a matsayin jagora ina da iko da shi: masu gadi huɗu su zama uku, masu masauki biyu da ba su da wani bambanci su zama mutum ɗaya, fitowa biyu su haɗe, a ɗauko wani bayani daga zama na gaba a kawo shi baya. Maganar jarumai ma nakan tace ta, domin ba wanda ke magana a tebur kamar a littafi, sai dai in jimla ta fito wa ɗan wasa da kyau nakan bar ta yadda ya faɗe ta, ko da ta ɗan karkace. Irin waɗannan jimloli su ne 'yan wasa ke fara nema idan an miƙa musu rubutun.

Abin da ba na taɓawa shi ne shawarar da ɗan wasa ya yanke wa jaruminsa, da sakamakonta. Wanda ya gudu ya gudu. Wanda ya mutu ya mutu, ko da mutuwar ta zo a wurin da babu marubucin da zai sa ta. Jarumin nan nasa ne, aro ya ba ni.

Wuri mafi santsi shi ne abin da ke cikin zuciyar jarumi, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da ya dame ni. Wani abokina ya janye jaruminsa daga bakin ƙofa ana tsakiyar faɗa, ni kuwa na rubuta cewa tsoro ne ya kama shi, har na ƙawata da rawar gwiwa da bushewar maƙogwaro. Da ya karanta bai ce komai ba, amma zama biyu a jere ya yi shiru a tebur. Da na matsa masa sai ya ce ya janye ne don ya tare hanyar da za a bi a kai ga fursunan da muke tsaro, kuma shekara guda yana gina mutumin da ba ya ja da baya, na rushe masa shi da sakin layi ɗaya a gaban kowa. Gaskiyarsa ce. Na gyara rubutun, na ba shi haƙuri, kuma tun daga ranar ba na shiga zuciyar jarumin wani sai na tambaya. Washegarin zama nakan aika wa mutum tambaya ɗaya: lokacin da jaruminka ya yi kaza, me yake tunani?

Layin nan na "Dogo na kallonta" ma ta haka ya samu. A ƙa'idar wasa Dogo a sume yake, ba ya ganin komai. Na tambayi mai riƙe da shi, ya ce, "Rubuta cewa idona biyu, ina so in gani." Daga nan ya ɗauki abin ya shigo da shi wasan, ya yi zama da yawa jaruminsa ba ya karɓar komai daga hannun Hazo.

Idan za ka sa rubutun inda baƙi za su gani, ka nemi yardar kowa tukuna, ka bar sunayensu na gaskiya a waje. Abin da mutum ya faɗa da bakin kansa a tebur, ba da bakin jaruminsa ba, a tebur yake zama.

Yadda nake yi a aikace

Jagora ba ya iya wasa da rubutu lokaci guda, don haka nakan roƙi ɗan wasa ɗaya ya riƙa ɗan ƙyasta abubuwa, ana karɓa-karɓa. Ba na son ya rubuta wa ya sari wa. Ina son shawarwari, da sunayen da na ƙirƙira nan take zan manta, da jimlolin da suka sa tebur ya yi tsit. Na gwada naɗar murya a waya, da yardar kowa, amma kwafe zaman awa huɗu yana cin lokacin da ya ninka zaman, kuma yana ja na in koma ga rashin barin komai. Yanzu in na naɗa, lokacin da wani abu ya faru kawai nake rubutawa, in koma in saurari mintunan nan kaɗai.

Ina rubutawa cikin kwana biyu, kafin zafin ya huce. Zama ɗaya kan ba ni abin da bai wuce shafi uku ko huɗu ba. Wani lokaci zama biyu ne ke haɗuwa su ba da babi ɗaya, wani zaman kuma, na sayayya da shirin tafiya, sakin layi ɗaya yake samu. Babi yana ƙarewa inda tambayarsa ta samu amsa ko ta ƙara tsanani, ko da a tebur mun ci gaba har awa guda bayan nan. In kana ganin yankan ya yi yawa, dubi Critical Role, wasan da aka fara haskawa a intanet a 2015 da Matthew Mercer a matsayin jagora: tafiyarsu ta farko zama 115 ce, mafi yawa awa uku zuwa huɗu, amma da aka mayar da ita zanen katun a 2022 kowane kashi bai kai rabin awa ba.

Inda wannan hanya ke tsayawa

Abin da na faɗa ya dace da teburin da ake yawan magana da gardama da zaɓi mai wuya. Akwai teburin da daɗinsa duka yana cikin dabarar yaƙi, wa ya tsaya ina, wa ya tare wace hanya. Irin wannan in ka cire faɗan ka cire komai, gara a rubuta shi a hanyar Japanawa, da taswira da lambobi a fili, ga masu karatun da suka san wasan.

Sannan wasa ba ya yi maka alkawarin ƙarshe. Zaren da ka ɗauka da muhimmanci 'yan wasa na iya watsar da shi, wanda ka ɗora labarin a kansa na iya mutuwa a hannun ɗan ƙaramin abokin gaba, tafiyar ma na iya tsayawa don aiki ya ɗauke mutum biyu. Daga nan ne haɗarin da na fi jin tsoro ke shigowa, kuma kai ya fi shafa tunda kai ne jagora kai ne marubuci. Da zarar rubutun ya fara yi maka daɗi, za ka tsinci kanka kana karkata wasan don babi na gaba ya yi kyau: ka sassauta wa wanda kake so ya rayu, ka toshe hanyar da ba ta dace da abin da ka hango ba. 'Yan wasa na jin wannan a jikinsu tun kafin su iya faɗin mene ne, kuma ranar da suka gane cewa an riga an rubuta ƙarshen, babu wanda zai sake miƙewa tsaye don dayis. Shi ya sa ba na rubuta ko layi ɗaya na abin da ba a buga ba tukuna. In wani ƙarshe ya matsa mini har na kasa sakinsa, na san ya zama littafina ni kaɗai, sai in ɗauke shi daga teburin in rubuta shi daban.

In har ka kai ga tunanin sayarwa, ka sani cewa Dungeons & Dragons mallakar kamfanin Wizards of the Coast ne tun 1997. Suna da ƙa'idar da ta ba masoya damar raba abin da suka ƙirƙira kyauta, amma littafin sayarwa da sunayen duniyoyinsu da jarumansu wata magana ce daban. Waɗanda suka yi nisa da labarin da ya tsiro daga tebur, irin su Steven Erikson da Ian Esslemont, marubutan littattafan Malazan, a duniyar da suka ƙirƙira da kansu suka yi wasan tun asali.

Yanzu ka koma ga shafi taran. Nemo wurin da abokinka ya miƙe, ka ja baya kaɗan zuwa lokacin da ya ce zai yi abin da ya sa aka jefa dayis ɗin. Tambaye shi me ya sa ya zaɓi haka, da abin da yake gudun rasawa. Duba zaman baya ka ga ko akwai wata ƙuna irin ta Kurciya da ke jiran ka. Fara rubutun daf da wannan shawarar, da idon jaruminsa, ka ba faɗan jimla uku, ka tsaya a shafi biyu, tunda a nan ƙanwarka ta ajiye wancan. Ka miƙa mata ba tare da ka yi mata bayanin wasan ba, ka lura da layin da ta ɗago kai ta yi maka tambaya.